Labarin Karfasa da Yadda Aka Nemi Hana Ta Haihuwa

Kogin da ya ratsa Gusau, wanda a ke kira Gulbin Sakkwato, ya taso ne daga wajen Funtuwa. Daga can ya gangaro arewa maso yamma, ya bi ta Gusau, ya wuce Bungudu, ya nufi ƙasar Maradun da Talatar Mafara, har ya je ya gamu da Gulbin Rima kusa da birnin Sakkwato. Ba kogi ne mai gudu shekara duka ba. Da damina ya kan cika ya batse har ya hau fadamu, amma da kaka ta wuce sai ya soma ja da baya, kafin bazara ba abin da za a gani sai rairayi da 'yan guraben ruwa nan da can. A cikin waɗannan gurabe, da tafkuna, da kududdufan bakin gari, mutanen dā na Gusau da Bungudu su ke samun kifin miya. Mutanen Tsafe kuwa, da ya ke ƙasarsu ta tudu ce da duwatsu, rabonsu bai kai haka ba, sai ɗan abin da aka kama a rafuka, ko busasshe da banda da fatake suka kawo.

A wancan zamani ba wanda ya taɓa tunanin kiwon kifi yadda a ke kiwon akuya. Kifi arzikin Allah ne da ruwa ke kawowa, aikin mutum shi ne su. A garuruwan bakin gulbi akwai Sarkin Ruwa, shi ya san gurbin da za a faɗa da wanda za a bari ya huta. In ya sa rana sai a fito da koma da gora da taru, a kama tarwaɗa da karfasa da ƙurungu, mai sa'a ya haɗu da giwan ruwa. Waɗansu kuma su kan daka magimfa su zuba a ruwa, kifi ya bugu ya taso sama, babba da ƙarami, abin da dattawan masunta ba sa so. Babban sun nan na Argungu, wanda ya yi suna tun daga ziyarar da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kai wa Sarkin Kabi Muhammadu Sama cikin shekara ta 1934, daga irin wannan al'ada ya samo tushe.

Sannu a hankali bakuna suka yi yawa, kifi ya kasa. Hanyar jirgin ƙasa ta taso daga Zariya, ta bi ta Funtuwa da Tsafe da Gusau, ta kai Ƙaura Namoda cikin 1929, sai Gusau ta zama babbar kasuwar auduga da gyaɗa, baƙi suka cika ta. Cikin 1978 aka gama madatsar ruwa ta Bakolori a kan wannan gulbi. Ta tara ruwa mai yawa, masunta suka sami sabon wurin su a bayanta, amma ta rage ambaliyar da ke shiga fadamun ƙasa da ita, alhali kuwa cikin ambaliyar nan kifi ke zuba ƙwai, 'ya'yansa su sami abinci. Masunta na can ƙasa suka ga kamunsu ya ragu. Da aka yi Jihar Zamfara cikin 1996, Gusau ta zama babban birninta, jama'a ta ƙara ninkuwa. Nijeriya duka kifin da ta ke samu a gida bai kai rabin bukatarta ba, shi ya sa kifin ƙanƙara na ƙasashen waje ya cika kasuwanni. To, in gulbi ya gaza, ba sauran dabara sai kiwo. Kifin da aka fara sa wa rai kuwa shi ne karfasa.

Kiwon kifi ba sabon abu ba ne a duniya. A cikin kaburburan mutanen Masar na dā an sami zanen karfasa cikin tafkin gida, zanen da ya haura shekara 3,000. Mutanen ƙasar Sin kuma sun rubuta littafi a kan kiwon wani kifi nasu tun ƙarnuka kafin haihuwar Annabi Isa. Amma yaɗuwar kiwon karfasa a Afirka ta zamani ta faro ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu, a ƙasar Kwango, lokacin tana hannun Turawan Beljiyam. Suna neman nama mai araha domin leburori da talakawa, sai suka ga ga kifi mai jimiri, yana cin ganye da dusa da gansakuka, ba ya saurin mutuwa, ga shi kuma da haihuwa ba sai an roƙe shi ba. Aka yi ta haƙa tafkuna, sauran ƙasashe suka ɗauka. An ƙiyasta kafin 1960 akwai tafkunan kiwo wajen 300,000 a Afirka. A Nijeriya ta Arewa Gwamnati ta buɗe gonar kifi a Panyam, cikin ƙasar Filato, a 1951, har aka kawo wani kifi daga Ostiriya aka zuba. Daga baya aka yi waɗansu gonakin, kamar ta Maska kusa da Funtuwa, wadda ba ta da nisa da ƙasar Tsafe, da ta Bagauda a ƙasar Kano.

Murna ba ta daɗe ba. Mutum ya haƙa tafki, ya zuba karfasa ɗari, ya yi wata takwas yana ɗawainiya, ran da ya kwashe ruwa sai ya tarar da kifi dubbai, amma kowanne bai wuce yatsa biyu ko uku ba, daga kai sai ƙaya. Ba mai saye da daraja. Hausawa na cewa sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, amma a tafkin karfasa sarkin yawa shi ne ya kashe kasuwa. Galibin tafkunan nan na Afirka an watsar da su kafin 1970, ciyawa ta cinye su. Akwai dalilai da dama, har da tafiyar ma'aikatan da suka kawo aikin, amma babba a cikinsu shi ne wannan tsumburewa.

Ya kamata mai karatu ya san halin karfasa, gama in bai san shi ba ba zai gane sauran labarin ba. Irin da aka fi kiwo, wanda masana ke dangantawa da Kogin Nilu, ga yadda ya ke haihuwa. Namiji ya kan share wuri a ƙasan ruwa, ya haƙa ɗan rami kamar akushi, ya tsaya yana korar sauran maza. Mace ta zo ta zuba ƙwai a ciki, namiji ya zuba maniyyi a kai, sa'an nan ta kwashe ƙwan duka cikin bakinta. A nan za su zauna har su ƙyanƙyashe, har su iya iyo, wajen kwana goma zuwa mako biyu, duk tsawon lokacin nan kuwa ba ta cin kome. Ko bayan ta sake su, in suka ga abin tsoro sai su ruga su koma bakin uwar. Wannan hikima ce ta Ubangiji, domin a gulbi maƙiya sun yi yawa, ga giwan ruwa, ga tarwaɗa, ga tsuntsaye, ba don wannan reno ba da irin ya ƙare. Amma a tafkin kiwo ba maƙiyi, saboda haka kusan duk abin da aka haifa sai ya rayu.

Wani abin mamaki kuma, karfasa ba ta jiran girma kafin ta soma haihuwa. A babban ruwa ta kan yi girma tukuna, amma a ƙuntataccen wuri tana wata biyar ko shida, wani lokaci ma ba ta kai ba, sai ta soma, ko da nauyinta bai wuce na ƙwan kaza ba. In ruwa na da ɗumi ta kan sake yi bayan mako huɗu zuwa shida, kowane zubi ƙwai ɗaruruwa, babbar uwa ta haura dubu. 'Ya'yan su ma ba da daɗewa ba su soma nasu. Abincin da aka auna domin kifi ɗari sai dubu biyar su taru a kansa. Mace kuwa, abin da ta ci ya tafi ga yin ƙwai, ga kuma azumin reno, ina za ta yi ƙiba? Taura biyu ba ta taunuwa. Shi ya sa namijin karfasa ya ke fin mace saurin girma, sau da yawa har ya kusa ninka ta.

Wannan matsala ba baƙuwa ba ce ga makiyayin ƙasar Hausa. Tun kaka da kakanni an san bunsurun da aka bari yana bin awaki ba ya ajiye nama, amma in aka dandaƙe shi ya zama taure sai ya natsu ya yi kitse. Haka a ke yi wa sa in za a mai da shi takarkari ko a turke shi. Malaman Malikiyya ma sun yi magana a kai, wanda ya karanta Risala ya san an halatta yi wa tumaki da awaki haka domin gyaran nama, an kuwa hana yi wa dawaki. Abin da mai kiwon kifi ke nema ke nan, watau taure a cikin ruwa. Sai dai fa wa zai kama kifi dubu goma, kowanne kamar ɗan yatsa, ya yi masa fiɗiya? Ga shi kuma marainan kifi a cikin ciki su ke. Tilas a nemi wata hanya.

Hanya ta fari da aka bi ita ce ta ido da hannu. In karfasa ta ɗan tasa, ta kai kamar giram 30 zuwa 50, a kan birkice ta a duba wani ɗan tsiro da ke bayan dubura. Na namiji ƙofa ɗaya gare shi, na mace biyu. Sai a ware maza a zuba a tafki, a yar da mata ko a soye. Aiki ne mai cin rai, rabin abin da aka rena ya tafi a banza, kuma ko gwani ya kan yi kuskure. Mace biyar in suka sulale cikin maza ɗari sun isa su ɓata aikin shekara. Hanya ta biyu ita ce a sa mata maƙiyi da gangan, a zuba 'yan tarwaɗa ko giwan ruwa kaɗan su riƙa cinye 'ya'yan da a ke haifa. Wannan tana aiki, muddin maƙiyin bai yi girman da zai haɗiye iyayen ba.

Hanya ta uku an same ta ne ba zato. Wani Bature masanin kifi, C. F. Hickling, yana aiki a Malaka cikin ƙasar Malaya, ya haɗa macen wata irin karfasa da namijin wata irin da aka kawo daga Zanzibar, yana fata ya sami 'ya'ya marasa haihuwa kamar alfadari. Sai 'ya'yan suka fito maza zalla. Ya bayyana wannan cikin 1960. Masana a Isra'ila da Uganda suka gwada da waɗansu ire-iren, aka dace. Amma sharaɗinta iyayen su zama tsantsar iri, ba gauraye ko kaɗan, wannan kuwa da wuya a kiyaye shi a gonar talaka, inda ruwa ɗaya ke bi ta tafki zuwa tafki.

Hanyar da ta ci nasara ta biyo ta abinci ne. Asalinta daga Japan. Wani masani a birnin Nagoya, sunansa Yamamoto, yana bincike a kan wani ɗan mitsitsin kifi na fadamun shinkafa. Ya gano ɗan kifi sabon ƙyanƙyasa bai riga ya tabbata namiji ko mace ba, ko da ya ke ya gaji ɗaya daga iyayensa. Cikin jikin kowace dabba akwai sinadarin da ke fito da siffar maza, da wanda ke fito da siffar mata. Cikin 1953 ya sa na mata a abincin 'ya'yan kifin, waɗanda za su zama maza suka zama mata har suka yi ƙwai. Cikin 1958 ya juya abin, ya ba su na maza, mata suka zama maza. Cikin 1968 waɗansu masana biyu a Amurka, Clemens da Inslee, suka gwada wannan a kan karfasa, ya yi. Sa'an nan wani mutumin Filifin, Rafael Guerrero, yana karatu a Jami'ar Auburn ta Amurka, ya daidaita aikin ya bayyana shi cikin 1975, ya koma ƙasarsa ya yaɗa shi.

Ga yadda a ke yi. Sinadarin maza da a ke haɗawa a masana'anta, wanda a ke kira metiltestostiron, a kan auni miligiram 60 nasa, watau kamar nauyin ƙwayar dawa biyu, domin kilo guda na garin abinci. A narka shi cikin sifirit, a yayyafa a garin, a cuɗa, a shanya a inuwa har sifirit ɗin ya tashi sarai. Sai a kwaso 'ya'yan kifi tun ran da suka fara cin abinci, ba su kai rabin inci ba, a riƙa ba su sau da yawa a yini har kwana 21 zuwa 28. Daga nan a daina, ba a ƙara ba su har abada. In an yi daidai, cikin ɗari a kan sami maza 95 ko fiye. Duk sirrin yana ga lokaci, gama icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi. In ɗan kifi ya wuce makonnin nan na fari, ko buhu aka zuba masa ba zai juya ba. A lura kuma, maganin ba shi ne ke sa ƙiba da kansa ba. Abin da ya yi shi ne ya kawar da haihuwa daga tafki, abinci ya tafi inda a ke so.

Da wannan dabara karfasa ta zama kifin duniya. Cikin 1965 Yariman Japan, Akihito, ya yi wa Sarkin Tailan kyautar karfasar Nilu guda 50, aka rena su a fada, aka rarraba wa manoma, daga zuriyarsu aka sami irin da ya cika ƙasar. Yanzu Sin da Indonesiya da Masar su ne kan gaba wajen kiwonta, manyan gonaki kuwa galibi maza zalla su ke zubawa. Abin a yi tunani ne, kifin da Afirka ta gaza da shi ya je Asiya ya yi arziki, har a ke sayar wa Afirka da shi a daskare.

Amma tun da wuri mutane suka soma tambaya, wanda ya ci wannan kifi fa? Masu bincike sun auna, sun ga sinadarin na fita daga jikin ɗan kifi cikin 'yan kwanaki bayan an daina ba shi, kifin kuwa sai ya ƙara wata biyar ko shida kafin ya isa kasuwa. Saboda haka ba ga mai ci haɗarin ya fi yawa ba. Yana ga mai cuɗa garin da hannu tsirara yana shaƙar ƙurarsa, balle mace mai ciki, yana kuma ga ruwan da a ke zubarwa daga wurin ƙyanƙyasa. Ƙasashen Tarayyar Turai sun hana ƙosar da dabbobin ci da irin waɗannan sinadarai tun wajen 1989. A Nijeriya hukumar NAFDAC, wadda aka kafa cikin 1993, ita ke da alhakin duba magungunan dabbobi da abincinsu. Batun ruwan nan ba abin wasa ba ne ga mutanen gulbi guda. Ran 30 ga Satumba, 2006, madatsar ruwa ta Gusau ta ɓalle bayan ruwan sama mai yawa, mutum wajen 40 suka rasu, gidaje ɗaruruwa suka rushe. Wanda ya ga wannan ya san abin da aka zuba a ruwa a Gusau ba ya tsayawa a Gusau, da Bungudu a ke sha.

Saboda wannan tsoro, da tsadar maganin, da wuyar samun na gaskiya, masana suka juya ga itatuwa, ko za a sami wanda zai yi aikin. A nan ne labarin ya komo ƙofar gidan mutanen Gusau, gama ɗaya daga cikin abubuwan da aka duba shi ne angurya. Gusau garin auduga ne, an yi injin gurza, da masaƙa, da injin matse mai, kowa ya san angurya abincin shanu ce da rani. In aka fasa ƙwayarta aka duba da kyau za a ga ɗigo-ɗigo baƙi, a cikinsu akwai wani sinadari da a ke kira gosifol. Cikin 1957 wani likita a ƙasar Sin ya ba da labarin wani ƙauye a lardin Jiyangsu inda aka yi shekaru ba a haihu ba, lokacin da mutanen ke girki da ɗanyen man angurya wanda ba a tace ba. Cikin shekarun 1970 aka gwada gosifol a kan maza fiye da 8,000 a can domin tsarin iyali. Ya hana haihuwa ƙwarai, amma waɗansu ya kashe musu jiki, waɗansu kuma haihuwar ba ta komo ba ko bayan sun daina, sai aka bar shi. Babban sa ya kan jure angurya domin tumbin dabba mai tuƙa na rage dafin, amma kaza da kifi ba su da irin wannan tumbi. An ga in angurya ta yi yawa a abincin karfasa ƙwai ya ragu, amma girma ma ya ragu, jini ya yi ƙaranci. An toshe ɓaraka ɗaya ke nan an buɗe wata.

Na biyu 'ya'yan gwanda, waɗanda kowa ke zubarwa. Cikin 2003 masana biyu na Jami'ar Kalaba, Ekanem da Okoronkwo, suka busar da su suka niƙa, suka sa a abincin mazan karfasa. Suka ga haihuwa ta tsaya. Waɗanda aka ba kaɗan sun warke bayan an daina, waɗanda aka ba da yawa marainansu sun lalace, har hanta ta taɓu. Wajen 2008 waɗansu masana na Jami'ar Fasaha ta Akure, Jegede da Fagbenro, suka yi irin wannan gwaji da 'ya'yan gwanda da kuma ganyen dogon yaro, wanda waɗansu ke kira darbejiya, itacen nan na Indiya da aka kawo Arewa a zamanin Turawa. Su ma suka ga ya ɓata ƙwai da maniyyi. Tun daga nan an yi gwaje-gwaje da yawa a jami'o'in Nijeriya da na waje.

Labari ne mai daɗin ji, gama gwanda da dogon yaro ba sai an je kanti ba. Amma a faɗi gaskiya, tsakanin kwanon gwaji da tafkin manomi akwai tafiya. Sinadarin masana'anta ƙarfinsa ɗaya ne kullum, a na auna shi da ma'auni. Ganye kuwa na damina dabam, na rani dabam, gwandar wannan lambu ba ta zama ɗaya da ta wancan ba, sakamakon masu binciken ma bai zo daidai da juna ba. Kuma yawancin itatuwan nan ba juya kifi su ke yi ya zama namiji ba, raunana shi su ke yi har ya kasa haihuwa, sai a yi ta ba shi wata da watanni. Dabbar da hantarta ke ciwo kuwa ba ta ƙiba. Tsakanin magani da dafi awo ne kawai, jikokin masu zuba magimfa ba sa bukatar a gaya musu. Manyan gonakin duniya har yanzu ba su bar tsohuwar hanya sun koma ga ganye ba. Waɗanda suka guje wa sinadarin wata hanya suka bi. Akwai wani irin namiji da masanan Jami'ar Swansea ta Birtaniya da na Filifin suka fitar cikin shekarun 1990, wanda kusan duk 'ya'yansa maza ne. An kuma gano in aka rena sababbin 'ya'ya cikin ruwa mai zafin digiri 36, maza kan fi yawa.

To, me masu kiwo na Gusau da Tsafe da Bungudu suka yi? Su dai, kamar sauran 'yan Nijeriya, ba su tsaya kokawa da karfasa ba, suka koma ga tarwaɗa. Tarwaɗa na shaƙar iska a sama, saboda haka a na iya cunkusa ta da yawa cikin tankin siminti ko na roba ko na tamfol a tsakar gida, da ruwan rijiya ko na burtsatse. Wannan ya dace da ƙasar da gulbinta ke ƙafewa, ya kuma dace da shekarun nan da rashin tsaro ya sa zuwa gonar nesa ya zama kasada. Har Nijeriya ta zama ita ce kan gaba a duniya wajen kiwon wannan irin tarwaɗa.

Abin dariya a nan shi ne tarwaɗa cutarta kishiyar ta karfasa ce. Ita ba ta zuba ƙwai sai ta ji sabon ruwan damina ya hau ciyawa, a tanki kuwa ko cikinta ya cika ba za ta saki ba. Sai an yi mata allura, ko da ruwan wani ɗan ƙullutu da a ke cirowa ƙarƙashin ƙwaƙwalwar wani kifin, dabarar da aka fara a Barazil cikin shekarun 1930, ko da maganin kwalba irin su Ovaprim. Bayan wajen rabin yini a matse cikinta ƙwai ya fito, a yanka namiji a ciro marainansa a tsiyaye a kai. Watau ɗaya a na ba ta magani don ta daina, ɗaya a na yi mata allura don ta fara, dukansu biyu kuwa a wurin ƙyanƙyasa a ke yi, ba a tankin mai kiwo ba. Mai kiwon tarwaɗa 'ya'ya ya ke saye, ba ya haɗa allura. Haka ya kamata mai son karfasa ya yi, ya nemi 'ya'ya maza daga wurin da aka sani. Duk wanda ya tallata masa wani gari a ƙulle a leda, wai a barbaɗa wa manyan kifi su daina haihuwa su yi ƙiba, kuɗinsa kawai zai ci, gama lokacin juyawa ya wuce tun kifin na kamar ƙwayar shinkafa.

Amma zancen karfasa bai mutu ba, tsadar abinci ce ke tashe shi. Tarwaɗa maciyar nama ce, abincinta na bukatar garin kifi da waken suya, ya kan cinye wajen kashi biyu cikin uku na kuɗin kiwo. Karfasa kuwa ta kan rayu da dusar masara da ta shinkafa, da ƙuliƙuli, da koren ruwan da taki ke haifarwa, abubuwan da ƙauyukan Tsafe da Bungudu ba su rasa ba. Sai dai tana son fili da ruwa mai iska, ba ta jure cunkoso kamar tarwaɗa, saboda haka tafkin ƙasa da ƙananan madatsu su suka fi dacewa da ita. Irin waɗannan ruwaye a ƙasar Zamfara galibi na wata biyar ne ko shida, su cika a Yuli, su soma ƙafewa bayan kaka. Sanyin hunturu kuma na rage wa karfasa ci da girma, yana tsai da haihuwarta in ruwa ya sauka ƙasa da digiri 20. Kwanakin girma ke nan ƙidayayyu ne. Wanda ya zuba gauraye a Yuli, kafin Nuwamba matan sun soma ɗaukar ƙwai a baki. Wanda ya zuba maza zalla, ko ya sa 'yan tarwaɗa kaɗan bayan karfasar ta tasa, ya kan kwashe kifi mai cika tafin hannu kafin ruwan ya koma laka.